Babban ɗana ya ce shi da bakin ruwa har abada

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Gombe, amma asalina ɗan masunta ne daga wani ƙauye da ke bakin dam ɗin Dadin Kowa. Da kuɗin kifi Baba ya yi mini karatu. Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kwale-kwalensa na nan kife a gindin bishiya. 'Ya'yana uku: babban shekararsa 17, ƙanensa 12, sai 'yar autarsu mace mai shekara 9. A da duk ƙarshen wata nakan kwashe su mu je gida mu yini a bakin ruwa. Yanzu babban ya ce ba zai ƙara zuwa ba, wai abokansa na tsokanarsa da ƙarnin kifi, wai kuma su, wato kamun kifi, aikin wahala ne da ba ya fitar da kowa daga talauci. Ƙanen ma ya fara kwaikwayonsa. Daga waya sai gidan kallon ƙwallo. Raina ya ɓaci na ƙwace wayar, tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyarsu ta ce na tsananta, ita kuma dama tsoron ruwa take yi. A ƙauyenmu ma samari sun watse, wasu acaɓa, wasu Keke Napep. Ina tsoron ranar da Baba zai rasu sana'ar gidanmu ta bi shi. In tilasta musu ne, ko in haƙura?

Wani uba, daga Gombe

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Kada ka tilasta. Tilas za ta iya kai gangar jikin saurayi ɗan shekara 17 bakin ruwa, ya zauna yana kumbure-kumbure har la'asar, amma ranar da ya zama mai ikon kansa ba zai sake waiwayar ƙauyen ba, 'ya'yansa kuwa ko hanyar ba za su sani ba. Kada kuma ka naɗe hannu da sunan haƙuri, domin shekarun Baba ba za su jira yaro ya yi hankali don kansa ba. Akwai abin yi, kuma yawancinsa a hannunka yake.

Damuwa biyu na gani a wasiƙarka, ka haɗa su ka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai tsoron mutuwar sana'a, akwai kuma ciwon ganin ɗanka yana nisa da kai. Ta biyun ce ke hana ka barci, ko da yake ta farkon ka fi ambata. Ka yi mini afuwa in tuna maka cewa kai ma alli ne a hannunka yau, ba taru ba. Ba guduwa ka yi ba, Baba ne da kansa ya ciro ka daga kwale-kwale ya kai ka aji, kuma shi ya san abin da ya gani a ruwan da ya sa shi yin haka. Yaron da ya tashi a cikin garin Gombe, a gidan malamin makaranta, ba za a ce ya ci amanar gado don ya ce ba zai yi su ba. In ka sauke masa wannan nauyin, sauran maganar za ta yi sauƙi.

Kuma abin da ya faɗa game da wahala, akwai gaskiya a ciki. Ruwa ba ya tsami banza, samarin ƙauyenku ba lalaci ne ya kore su ba. Ka fi ni sanin yadda abin ya koma. Masu shiga ruwa sun yi yawa, ragar da ake zubawa kuma idonta sai ƙara matsewa yake yi, har gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi wasu ke ja a bakin gaɓa, ya kwaso 'ya'yan kifin da ko ɗan yatsa ba su kai ba. Akwai marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari na gamale a ruwa, kifi ya taso ya mutu babba da yaro, a sayar wa mutane guba. Ana noma har bakin ruwa, damina ta kwaso ƙasa da yashi ta cike gurbin da kifi ke kwanciya. Ita karfasa a baki take ɗaukar ƙwanta, ta yi kwanaki ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kama uwa ɗaya a wannan hali ɗaruruwa ya kashe. Tarwaɗa kuma farkon damina take hawa cikin ciyawar da ruwa ya malale ta zuba ƙwai, a daidai lokacin da ta fi sauƙin kamu. Ga tsadar raga, ga tsadar katako, ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Masunta da yawa bashin raga suke ci a hannun dillali, in an fito da kifi dillalin ne zai yanka farashi, kuma ba halin a ƙi, tunda ɗanyen kifi ba ya jiran ciniki, in ba ƙanƙara ko itacen banda kafin azahar ya fara sauyawa. Saurayin da ya kwana cikin sanyi ya fito da abin da bai kai kuɗin da abokinsa ya samu a kan babur kafin hantsi ba, lissafi ya yi.

Ka faɗa wa ɗanka haka da bakinka. Ka ce masa, "Abin da ka faɗa akwai gaskiya, na gani da idona." Uba ba ya raguwa da wannan. Yaro in ya ji an yarda da rabin maganarsa, yakan buɗe kunne ya ji ragowar.

Ragowar ita ce, kifi bai daina kuɗi ba, hanyar samunsa ce ta sauya. Nijeriya ba ta samar da kifin da ke isarta, shi ya sa kasuwanninmu ke cike da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Masu kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida sukan kwashe cikin wata biyar zuwa shida, masu banda mai tsabta kuma suna aika kaya har Kudu. Karatunsa ma ake yi: akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja, da kwalejojin tarayya na koyon harkar a can New Bussa da kuma Jihar Borno. Amma kada ka yi masa romon baka. Abincin kifi ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, mutane da dama sun shiga da zumuɗi sun fito da asara. Ka ambata masa sau ɗaya kawai don ya san ƙofar na nan, ka bar maganar.

Batun ƙarni kuwa, kada ka ɗauke shi shirme. A shekarunsa, dariyar abokai ta fi bulala zafi. Kuma mu faɗi gaskiya, ba yaran ne suka ƙirƙiro wannan raini ba, a gidajenmu suka ji shi. Mun daɗe muna cin kifi muna raina mai kamo shi, kamar yadda ake yi wa mahauta da majema, har a wajen neman aure a kan tsaya a tambayi sana'ar kakan mutum. Wannan ɗabi'a ba ta da gurbi a addini. Allah da kanSa, a cikin Suratun Nahli, Ya lissafa ɗanyen naman da muke ci daga ruwa cikin ni'imominSa. Bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016, sarakuna da shugabanni ke zuwa kallonsa, kuma masunta ne taurarinsa. Sai dai labarin Argungu ba shi zai warkar da ɗanka ba. Abin da zai fi tasiri shi ne yadda kai kake ambaton asalinka. Ya taɓa jin ka faɗa a gaban abokan aikinka, kai a sama, cewa kai ɗan masunci ne, da kuɗin kifi ka yi karatu? Ko sai an shiga mota an kama hanyar Biu za a je ƙauye kake tuna haka? Ba zarginka nake ba, tambaya ce da za ka amsa wa kanka. Shi ƙarnin kansa, lemun tsami da sabulu da kayan canji a leda sun gama da shi.

Yanzu ga inda nake ganin bakin zaren yake. Wannan yaro ɗan fari ne. A al'adarmu, musamman a ƙasar Gombe da Bauchi inda kunyar Fulani ta ratsa gidaje, uba ba ya sakewa da ɗan fari. Wani ko sunansa ba ya kira. Ba hira, ba wasa, sai aike da umarni da faɗa. Na lura ko a wasiƙarka "babban" kawai ka ce. Kunya abu ne mai kyau, amma tana da tsada: in uba yana kewar ɗansa ba shi da kalmar da zai faɗa, sai kewar ta fito a matsayin "tashi mu tafi", in an ƙi ta koma ƙwace waya. Kai a zuciyarka cewa kake "zo mu zauna tare". Shi abin da ya shiga kunnensa shi ne "ba ka da iko da ranar Asabar ɗinka".

Amma al'adar da ta sa wannan shamaki ita ce kuma ta bar wata ƙofa a buɗe, wato wasan jika da kaka. Abin da ba za ka iya faɗa wa ɗanka ba, Baba zai faɗa masa cikin zolaya, shi kuma ya rama, a yi dariya, ba wanda ya ji kunya. Saboda haka ka janye kanka daga tsakiya. Ka je gida kai kaɗai, ka zauna da Baba, ka gaya masa halin da ake ciki ba tare da ka kai ƙarar jikansa ba. Ka roƙe shi ya kira yaron da kansa. In tsoho ya ce, "Kai raggo, ka guje ni don ka san zan kayar da kai? Zo ka karanta mini takardar maganin nan, idona ba ya gani," da wuya saurayi mai tarbiyya ya ƙi. Ya tafi shi kaɗai, ka ba shi kuɗin mota, tunda daga Gombe zuwa Dadin Kowa bai kai kilomita 40 ba. Tafiyar da ya yi da ƙafarsa a matsayin babba daban take da wadda aka loda shi a bayan mota tare da ƙannensa.

Kafin nan ka mayar masa da wayarsa. Horon ya kai inda zai kai, abin da ya rage gaba ce kawai ke tsiro. Ka kira shi ka miƙa masa, ka faɗi ƙa'idar gida a taƙaice: ba waya a kan abinci, ba waya bayan ƙarfe kaza na dare, sallah a kan lokaci. Kada ka haɗa mayarwar da sharaɗin zuwa ƙauye, in ka yi haka ka mai da kakansa kuɗin fansa. In ya karɓa, ka ba shi aikin da ya fi ka iyawa. Ka ce, "Kakanka ya tsufa, abin da ke kansa ba a rubuce yake ba. Ina so ka ɗaukar mana muryarsa da hotonsa, ni ban iya ba."

Kuma abin ɗauka na nan jibge. Ka sa a fito wa Baba da tsohuwar raga a shimfiɗa masa a kan tabarma. Ido ya tafi, amma yatsu ba su manta ba: zai lalubo inda ta yage, ya maƙale gefe ɗaya a babban yatsan ƙafa ya ja ta miƙe, ya riƙa zura zare yana ƙullawa, kowane ido daidai da ɗan'uwansa, bakinsa kuma bai daina zuba ba. A nan yaron zai ji yadda ake riƙe kurungu a bayan kai don kada ƙayarsa ta soki hannu, da irin kukan da yake yi in an fito da shi. Zai ji labarin minjirya da ke girgiza mutum kamar ya taɓa wayar lantarki, da gaiwa da ke binne kanta cikin laka ta yi rani cur a busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo, da bargi mai gina sheƙa a cikin ciyawa, da giwan ruwa da kan kai nauyin babban mutum. Zai ji bambancin kayan kamun kifi irin su birgi da taru da mamari da gura, da wanda ake yi da rana da wanda ake kwana a kansa. Baba ya san Gongola tun tana kogi mai gudu, kafin a kammala dam ɗin a 1984 ruwa ya haye gonaki da tsofaffin mashigai. Ya san inda wace bishiya take a ƙarƙashin ruwan nan da yau ake tacewa a turo wa garin Gombe a famfo, ake kuma juya injin lantarki mai megawat 40 da shi. Yaron da ke buɗe famfo kullum bai san kakansa ya taka ƙasan wannan ruwa da ƙafa ba. Wannan shi ne gadon da ke cikin haɗarin bin Baba kabari. Raga da kwale-kwale ana sayensu a kasuwa.

Ba na yi maka alkawarin zai dawo yana son su. Wataƙila ya dawo da faifan murya da dariyar zolayar da suka yi kawai. Ya wadatar a karon farko. In ya dawo kada ka tare shi da "ka gani ko?" Ka tambaye shi jikin Baba, ka roƙe shi ya kunna maka abin da ya ɗauko.

Ƙananan biyu kuwa nasu mai sauƙi ne, amma ka duba yadda tafiyar taku take kasancewa. Sau da yawa in uba ya kai yara ƙauye, daga gaishe-gaishe sai ya zauna cikin tsaransa a majalisa, yara kuma a bar su da kwarfar ruwa daga jirgi da ɗaukar kaya da tsawar 'yan'uwa. Shi ya yini da daɗi, su sun yini a rana. In haka ne, ka sauya. Ka yanko musu sanda, ka ɗaura zare da ƙugiya da ɗan guntun kara mai yawo a saman ruwa, ku tono tana tare a wuri mai danshi, ka zauna a gefensu. Ka bar yaro ya sa kotonsa da kansa ko da zai ɓata goma. Lokacin da karan nan ya yi rawa ya nutse, yaro ya fizgo 'yar karfasa tana walƙiya tana fal-fal a kan yashi, ihun da zai yi ba ya yin irinsa a gidan kallon ƙwallo. Abin da ya kama nasa ne, ko guda ɗaya ne a gasa masa da gishiri da yaji ya ci, ya kai wa mahaifiyarsa rabi. Awa biyu da sassafe ko da yamma sun isa, ku tashi tun suna so. Ita ma 'yar autar a ba ta sandarta, kada a ce mace ce a bar ta da gadin takalma. In akwai wasan da ɗan 12 ɗin ke mutuwar son kallo ranar, kada ka sa shi zaɓi tsakaninka da ƙwallo, ka matsar da tafiyar.

Sai uwargida. Tsoronta ba na banza ba ne, kuma in ba ta yarda ba duk shirin nan a rabi zai tsaya, domin yara fuskar uwa suke karantawa. Ruwan dam ba rafin wasa ba ne. Akwai dorina a ruwan yankin, manoma sun daɗe suna kuka da ɓarnarta, kuma mai ɗa ba ta da wasa ko kaɗan. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwan gefe mai kwanciya ta shiga ta fata. In ka ga jini a fitsarin yaro ka kai shi asibiti, akwai maganinta, kada a saurari masu cewa alamar balaga ce. Ka yi wa maman yara alkawari a fili kuma ka cika: ba yaron da zai hau kwale-kwale ba rigar kariya, ba shiga ruwa bayan magariba, ba wanka a inda mutanen gari suka hana, ƙananan kuma daga tudu za su yi fatsa kana kusa da su. Ka gayyace ta ita ma, ba don ta yi girki ba. A shimfiɗa mata tabarma a inuwa ta ga abin da idonta, ta gaisa da surukinta, a kawo mata gasasshen kifi tana zaune.

In kuɗin mota ya yi nauyi, ba dole sai kowane wata ba, kuma ba dole sai kamun kifi ba. Fita tare ɗin ita ce abin nema. Mutanen kudancin Gombe na da dam ɗin Balanga, na Bauchi na da Gubi da Waya, na Misau na da tafkin Maladumba, mai hali kuma ya kai iyali Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ko'ina ne a fara gaida masu wurin, a nemi izini, a tambayi inda ke da haɗari.

Ka lura da lokaci. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a Agusta zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da Gongola ke cika tana ambaliya, wani lokaci a saki ruwan dam, gaɓa ta yi santsi. Ba lokacin kai yara bakin ruwa ba ne. Ka bari sai kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya fara ja baya ya kwanta, ko kuma bazara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Zuwan babban wajen Baba kuwa ba ruwansa da damina ko rani, tunda a tsakar gida za su zauna. Wannan ka shirya shi cikin makon nan.